Mutuwar Ƙashin Kwatangwalo Bayan Rauni: Tun Ranar Farko Ake Hango Ta

Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a taron wata na ƙungiya





An ɗora mana nauyin mu yi magana yau a kan wata lalura da ta daɗe tana zaunar da mutanenmu a nan Ikko, amma ba kasafai ake kiran sunanta ba, wato mutuwar ƙashin kwatangwalo bayan an ji rauni. Kwatangwalo muna nufin gaɓar nan da cinya ta haɗu da gangar jiki, wadda wasu kan ce wa ƙugu, wasu kuma katara.

Kusan kowa a ɗakin nan ya san yadda abin kan kasance. Mutum ya faɗi a babur, ko mota ta yi karo da shi a ciki, ko buhu ya danne shi wajen sauke kaya. A yi jinya, ya miƙe, a yi masa barka, ya koma kasuwa. Bayan shekara guda ko fiye sai a ga ya fara ɗingishi. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce amosani, wani ma ya ce hannu aka sa masa. Kafin ya isa gaban likitan ƙashi, sai a ce masa kan ƙashin ya riga ya lotsa, babu abin yi sai a canja gaɓar, aikin da a yau kuɗinsa miliyoyin naira ne.

Abin da muka zo da shi ɗaya ne. Likitocin ƙashi suna iya auna haɗarin wannan cuta tun ranar da aka ji raunin, kuma daga cikin abubuwan da suke aunawa akwai waɗanda suke hannunmu mu 'yan'uwan majinyaci. Wannan ba duba ba ne. Tamkar manomi ne da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to haka ma wadda ba za ta yi kyau ba.

YADDA GAƁAR TAKE

'Yan'uwanmu mahauta da ke nan sun fi kowa sanin wurin. Idan an ɓalle cinyar sa, akwai wani dunƙulen ƙashi fari sumul kamar ƙwallo wanda yake zaune a cikin ƙoƙonsa. Haka yake a jikin ɗan Adam. Wannan dunƙule shi ne kan ƙashin cinya. A ƙarƙashinsa akwai siririn wuya wanda ya haɗa shi da dogon ƙashin, sa'an nan akwai wata jaka mai kauri da ta lulluɓe kan da mafi yawan wuyan. Idan mutum yana tafiya, nauyin da ke sauka a wannan ƙwallo ya ninka nauyin jikinsa.

To ƙashi abu ne mai rai, jini yake sha kamar nama. Yawancin ƙasusuwan jiki nama ya kewaye su, jini yana shigo musu ta ko'ina, shi ya sa idan ƙauri ko dantse ya karye yakan haɗe. Kan ƙashin cinya kuwa babu nama a jikinsa, guringuntsi ne ya rufe shi, guringuntsi kuma ba shi da hanyar jini. Mafi yawan jinin da yake samu yana hawowa ne ta wasu 'yan siraran jijiyoyi da suke kwance a bayan wuyan ƙashin. Akwai wata 'yar igiya a tsakiyar ƙwallon, mahauta sun san ta, ita ma tana ɗauke da 'yar jijiya, amma a jikin baligi jinin da take kawowa bai isa ya riƙe kan ba. Kun ga ke nan gari ne mai hanya ɗaya, gada ta karye, abinci ya yanke.

ABIN DA YA SA BA A GANI DA WURI

Idan jini ya yanke, ɓargon da ke ciki yakan fara mutuwa cikin awa 6 zuwa 12, ƙwayoyin ƙashin kansu kuma cikin awa 12 zuwa 48. Amma mataccen ƙashi ba ya rubewa nan take kamar nama. Yana nan da siffarsa da taurinsa, mutum ya taka shi bai ji komai ba, a ɗauki hoton eksire a ga ƙwallo lafiya lau.

Daga baya ne jiki zai fara ƙoƙarin gyara. Sababbin jijiyoyi su kutso daga gefen da ke da rai, su riƙa kwashe mataccen ƙashi suna gina sabo. Matsalar ita ce rushewa takan fi gini sauri, sai wurin ya yi rauni alhali mai shi yana ta ɗora masa nauyi kullum. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san azarar da gara ta ci: daga waje ƙalau, rufi yana tsaye, sai ranar da damina ta yi nauyi. Haka ƙashin zai tsage a ƙarƙashin guringuntsi, ƙwallon ya lotsa, ya daina juyawa sumul, ya shiga cin ƙoƙon da yake ciki. Wannan yakan ɗauki watanni, yawanci yakan bayyana a cikin shekara biyun farko, wani lokaci har ya haura haka.

ABUBUWA BIYAR DA LIKITA KE DUBAWA

Na farko, a ina raunin yake? Idan karayar tana can ƙasa da wuya, wajen tudun ƙashin nan da mutum kan taɓa a gefen ɗuwawunsa, da wuya kan ya mutu, domin jijiyoyin sun tsira. Idan kuwa a wuyan ne, cikin jakar nan, haɗari ya samu, kuma gwargwadon kusancinta da kai gwargwadon haɗarin. Jinin da ya zuba cikin jakar ma yana iya taruwa ya matse sauran jijiyoyin da ba su tsinke ba. Wani nazari da aka buga a 2006 a kan yara masu irin wannan karaya ya nuna abin a fili: waɗanda tasu ta fi kusa da kai, 38 cikin 100 ƙashinsu ya mutu, masu bi musu 28, sai 18, waɗanda tasu ta fi nisa kuwa 5 kacal. Saboda haka iyaye mata, yaron da ya faɗo daga bene ko mota ta buge shi ya kasa taka ƙafa, kada a ce yaro ne ƙashinsa ɗanye zai haɗe da kansa.

Na biyu, karayar ta goce ko tana zaune? A 1961 wani likitan ƙashi a Ingila mai suna Garden ya kasa karayar wuyan ƙashin cinya gida huɗu, kuma har yau da lissafinsa ake aiki a asibitoci. A mataki na 1 da na 2 ƙashin ya karye amma bai bar wurinsa ba. A na 3 ya goce, a na 4 ya rabu gaba ɗaya. Idan ƙashi ya goce yakan ja jijiyoyin ya yage su, don haka na 3 da na 4 sun fi haɗari nesa ba kusa ba. A nan akwai tarko. Mai mataki na 1 yana iya miƙewa ya taka, har ya ce targaɗe ne kawai. Kwana biyu ana murza shi yana takawa, sai karayar da take zaune ta goce, ƙaramin haɗari ya koma babba. Duk wanda ya faɗi ya tashi da ciwo a matsematsinsa, wato inda cinya ta haɗu da mara, a ɗauke shi a matsayin mai karaya har sai hoto ya wanke shi.

Na uku, awa nawa aka yi kafin a mai da ƙashi wurinsa? Wannan ya fi shafar wanda ƙwallon ya fita daga ƙoƙonsa ɗungum. Yawanci a haɗarin mota ake samunsa, mutum yana zaune gwiwarsa ta daki gaban mota ko bayan kujera, ƙarfin ya tura ƙwallon ya fita ta baya. Za ku ga ƙafar ta gajarce, ta juya ciki, gwiwar ta karkata wajen 'yar'uwarta. Mai karayar wuya da ta goce kuwa ƙafarsa takan gajarce ta kwanta waje. A wannan hali sau da yawa jijiyoyin ba su tsinke ba, miƙewa suka yi suka lanƙwashe kamar tiyon ruwa da aka taka. A ɗaga ƙafa da wuri ruwa ya wuce, a daɗe shuka ta bushe. Wasu likitoci biyu a ƙasar Denmak sun bi sawun masu irin wannan rauni suka buga sakamakon a 1986. Waɗanda aka mai da musu ƙashi cikin awa 6, kimanin 5 cikin 100 ne ƙashinsu ya mutu. Waɗanda aka wuce awa 6, fiye da rabinsu. Jama'a a riƙe wannan lissafi, biyar cikin ɗari a gefe guda, fiye da hamsin a ɗaya gefen, kuma abin da ya raba su agogo ne.

Na huɗu, yaya gyaran ya zauna? A karayar wuya likitoci sun fi ba wannan nauyi tare da gocewa. Sai an mai da ƙashin daidai yadda Allah ya halicce shi, ana dubawa a hoto ta gaba da ta gefe, sa'an nan a ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe ta ciki. Idan ya zauna a karkace, sauran jijiyoyin suna nan a murɗe, kuma karayar tana iya ƙin haɗewa.

Na biyar, jikin mai raunin. Shekarunsa nawa, kuma me ke cikin jininsa? Masu amosanin jini, wato sikila, ƙashin kwatangwalonsu yana iya mutuwa ko babu rauni, domin jininsu kan toshe ƙananan jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin wannan cuta a jininsa, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kanta kowace shekara. Sai masu yawan shan giya, da masu taba. Sai kuma ƙwayoyin nan irin su dekza da firednisolon, waɗanda wasu kan saya a kemis saboda ciwon jiki, wasu mata kuma saboda ƙiba, har ake musu laƙabi da sha-ka-fashe. Yawan shansu na tsawon lokaci yana cikin manyan abubuwan da ke kashe wannan ƙashi. Wanda likita ya ɗora a kansu kada ya yanke da kansa, yankewa farat ɗaya ma haɗari ce, ya koma ya yi shawara. Amma duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa wa likita gaskiya ranar farko, ɓoyewa kansa zai cuta.

Da waɗannan biyar likita ke yanke shawara. Alal misali dattijo ko tsohuwa da ta zame a banɗaki, wuyan ƙashi ya karye ya goce, sau da yawa ba a tsayawa ɗaure shi. An riga an hango cewa da wuya kan ya rayu, sai a cire a sa na ƙarfe cikin kwana ɗaya ko biyu don ta tashi da wuri, domin doguwar kwanciya kan jawo wa tsoho ciwon huhu da gyambon baya da daskarewar jini. Matashi kuwa ana iyakar ƙoƙari a ceto nasa na haihuwa, saboda gaɓar ƙarfe tana da wa'adi. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin 58 cikin 100 ne ke kai shekara 25 ba a sake su ba. Ɗan shekara talatin ke nan yana iya komawa tiyata tun da sauran ƙarfinsa.

ABIN DA NA'URA KE NUNAWA

Hoton eksire da muka saba shi ne na farko, shi ke nuna inda karaya take da gocewarta. Amma mutuwar ƙashi ba ta fitowa a cikinsa sai an yi watanni. Don haka idan an ɗauka a wata na biyu aka ce babu komai, ba a gama magana ba.

Wanda ya fi shi ido shi ne hoton maganaɗisu, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa Em-Ar-Ai. Shi yana ganin ɓargo, yana nuna wurin da ya mutu tun eksire bai ga komai ba, ya kuma nuna girmansa. Akwai yadda ake yin sa da allurar wani ruwa a jijiya a duba ko ruwan ya isa cikin ƙwallon. Idan akwai ƙarfe a jikin mutum sai ya faɗa kafin a shigar da shi, domin wani ƙarfen yana dusashe hoton. Har ila yau, a lokacin tiyata wasu likitoci kan huda kan ƙashin da siririn ƙarfe su duba: idan jini ya ɓullo alama ce mai kyau, idan ya fito a bushe sai a ƙara sa ido.

Idan an tabbatar wani sashe ya mutu, tambaya ta gaba ita ce zai lotsa ko ba zai lotsa ba. Nan ma akwai ma'auni, girman wurin da kuma inda yake. Wanda bai kai kashi 15 cikin 100 na ƙwallon ba, kuma ba a saman da ke ɗaukar nauyi yake ba, sau da yawa yakan zauna bai lotsa ba. Wanda ya haura kashi 30 kuma yana daidai ƙarƙashin rufin ƙoƙon, mafi yawansu sukan lotsa. Wasu likitocin Faransa biyu, Ficat da Arlet, sun jera matakan cutar tun a shekarun 1960, daga inda eksire bai nuna komai ba har zuwa inda ƙoƙon ma ya cinye. Iyakar da ta fi muhimmanci ita ce wata siririyar tsaga da kan fito a hoto mai kama da jinjirin wata. Kafin ta fito akwai dabaru, ana iya huda ƙashin a rage matsin da ke ciki don sababbin jijiyoyi su sami hanya, ana iya dasa lafiyayyen ƙashi, ana iya juya ƙwallon a kawar da mataccen wurin daga inda nauyi ke sauka. Bayan ta fito ƙwallon ya lotsa, yawanci sai canjin gaɓa. Amfanin hangowa ke nan, a riski abin kafin jinjirin watan nan ya tsaya.

SALLAMA DAGA ASIBITI BA ITA CE ƘARSHE BA

Ko an yi komai daidai, wani ƙashin yakan mutu, domin jijiyoyin sun riga sun tsinke tun a wurin haɗarin. A Amurka an yi wani shahararren ɗan wasa mai suna Bo Jackson, ƙaƙƙarfa na gaske. A watan Janairu na 1991 aka kayar da shi a filin wasa yana da shekara 28, ya ji rauni a kwatangwalo. Ga kuɗi ga manyan likitoci, duk da haka kan ƙashin ya mutu, a 1992 aka canja masa gaɓa, bai sake buga wasan da ya ji raunin a cikinsa ba. To idan haka ta faru ga wannan, ɗan dako da ya ce shi jikinsa ƙarfe ne sai ya sake tunani.

Saboda haka duk wanda ya taɓa karaya a wuyan ƙashin cinya, ko ƙwallon ya taɓa fita, ya ɗauka yana ƙarƙashin kulawa aƙalla shekara biyu. Ranar da aka rubuta masa a kati ya koma, ko yana jin garau. Idan an ce ya riƙe sanda wata kaza, ya riƙe. Sanda ba ta raya ƙashin da ya mutu, amma tana ba karaya damar haɗewa. Kuma ya koma tun kafin ranar idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwo a matsematsi da kan taso in ya yi tafiya ko ya daɗe a tsaye, ciwo da ke sauka gaban cinya har gwiwa, domin sau da yawa ciwon kwatangwalo a gwiwa yake fitowa, a yi ta shafa wa gwiwa magani a banza, ɗingishi bayan an riga an warke, wahalar tsuguno, ko harɗe ƙafa a tabarma, ko zaman tahiya, ko ɗaga ƙafa a hau babur, sai kuma ƙafa ɗaya ta fara gajarta.

MAGANAR TAFIYA GIDA DA MASU ƊORI

Yanzu mun zo inda abin ya fi shafarmu mu mazauna Kurmi. Al'adarmu ce idan ɗan'uwa ya karye a ce a kai shi gida, can ga iyaye ga mai ɗorin da aka sani. Nan da nan a yi karo-karo, a nemi motar da ta sauke kaya za ta koma Arewa, a shimfiɗa shi a baya. Niyya ce mai kyau, kuma zumunci ne. Amma mu yi lissafi. Daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne. A bi ta Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, kafin a isa an kwana an wuni. Awa shidan nan tun ba a yi rabin hanya ba ta ƙare, ga girgizar hanya tana ƙara gotar da abin da bai goce ba. Alhali ga asibitin ƙashi na tarayya a Igbobi, ga asibitocin koyarwa a Idi-Araba da Ikeja, 'yan'uwanmu na Sabo Ibadan ga babban asibitin koyarwa kusa da su. A fara mai da ƙashi a nan. Idan an ga jinya za ta fi sauƙi a gida, daga baya a karɓi takarda da hotuna a ci gaba da zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko wanda ya fi kusa.

Masu ɗori kuwa iyayenmu ne, sana'a ce ta gado, kuma ba mu zo nan don mu ci mutuncin kowa ba. Amma wannan gaɓa ta bambanta. Tana can ciki nama mai kauri ya rufe ta, hannu ba ya isa gare ta, karan ɗori ba ya kama ta. Ƙwallon da ya fita ba ya komawa lafiya sai an yi wa mutum allurar barci naman ya saki, kuma jan ƙarfi yana iya karya wuyan da bai karye ba. Muna roƙon masu wannan sana'a da ke cikinmu, idan an kawo muku na kwatangwalo, ku ce a wuce asibiti yanzu, mutuncinku ƙaruwa zai yi.

ABIN DA MUKE ROƘO

Idan haɗari ya faru, wanda yake wurin ya duba agogo ya riƙe lokacin, domin shi likita zai fara tambaya. Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a ce ya tashi ya gwada takawa. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa yadda ƙafar take, a tallafe ta da tsumma. Kada a ba shi abinci ko ruwa, saboda mai yiwuwa a yi masa allurar barci, cikin da ke da abinci kuwa yana jawo jinkiri. Idan a babbar hanya ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122. A nufi asibitin da ke da hoto da likitan ƙashi kai tsaye.

Wanda ya raka majinyaci ya zama mai jin Turanci ko Yarbanci, kuma kada ya ji nauyin tambaya cikin ladabi: a ina karayar take, ta goce ko ba ta goce ba, yaya haɗarin mutuwar ƙashi, yaushe za mu dawo. A adana kowane hoto da kowace takarda a leda guda, domin da tsohon hoto ake gane canjin da ke cikin sabo.

Shugabannin direbobi, a matsa wa yaranmu su riƙa ɗaura bel, kuma a rage cusa fasinja gwiwa manne da ƙarfe. Matasa masu hawa saman kaya a tirela don ragin kuɗin mota, ku tuna ragin da aka samu bai kai kuɗin hoto ɗaya ba.

Daga ƙarshe muna kawo shawara gaban shugabanni. Abin da ya fi cinye awa shidan nan shi ne neman kuɗin ajiya na asibiti, a bi rumfa rumfa ana tarawa majinyaci yana kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ganin ya kamata ƙungiya ta ware wani asusu na gaggawa a hannun amintattu biyu ko uku waɗanda za a iya samu ko da tsakar dare, a biya a fara aiki, daga baya dangi su mayar. Haka kuma kwamiti ya buɗe littafi na waɗanda suka taɓa jin irin wannan rauni, a riƙa tuna musu ranar komawa asibiti har shekara biyu ta cika. Magidanci guda da ya zauna, mutum nawa ne suka zauna tare da shi, a nan da can gida? Muna roƙon a tattauna wannan kafin a tashi taron yau.

 Wanda ya ji ya isar wa wanda bai zo ba, musamman matasanmu da ke kan babur da bakin tasha a wannan lokaci. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.